Bar amfilifayar nan, sifikun za ka janye daga kusurwa

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ka sayi sifiku biyu da amfilifaya, a shago sautin ya yi maka daɗi, amma da ka kai gida sai bes ya riƙa ruri, muryar mai waƙa kuma ta dusashe. Ka ce falon ƙafa 12 ne da ƙafa 14, tayil ne a ƙasa, sifikun suna kusurwa biyu, kujerar da kake zama kuma tana jingine da bangon baya. Tambayarka ita ce ko ka canza amfilifaya.

Kada ka canza. Na daɗe ina haɗa wa mutane kayan sauti a falo, kuma yadda ka kwatanta naka, ko ka ninka kuɗin amfilifayar sau uku, rurin nan yana nan. Ɗakin ne yake yi, kuma ka ajiye sifikun da kujerar daidai inda ɗakin ya fi yin ɓarna.

Sifika ba gaba kawai take tura sauti ba. Siririn sauti, kamar na kuge ko na goge, yana tafiya gaba kamar hasken tocila, amma bes ko'ina yake bazuwa, har ta bayan akwatin. Idan ya bugi bango ya dawo, sai ya haɗu da wanda yake fitowa ya ƙara masa ƙarfi. A kusurwa bango biyu ne ga kuma ƙasa, ƙarin ya zama uku ke nan. Akwai sifikar da don kusurwa aka ƙera ta, kamar Klipschorn da Paul Klipsch ya fara yi a Amurka a 1946, amma yawancin na kasuwa ba haka aka tsara su ba, musamman masu ramin iska a baya.

Sai kuma girman ɗakin kansa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Ka ninka tsawon ɗaki sau biyu, ka raba 343 da abin da ka samu, zai ba ka amon da ɗakin yake kumburawa. Ƙafa 14 wajen mita 4.3 ne, wato Hz 40, ma'ana sautin da ke girgiza sau 40 a daƙiƙa. Ƙafa 12 wajen mita 3.7 ne, wato Hz 47. Tsirkiya mafi kauri ta jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kan Hz 41, ka ga duk lokacin da aka taɓa ta falonka zai amsa. Wannan amon ya fi taruwa a jikin bango da kusurwa, a tsakiyar ɗaki kuwa kusan ɓacewa yake yi. Gwada da kanka: kunna waƙa mai bes, ka taka a hankali daga bangon baya zuwa tsakiya, za ka ji yana raguwa har ka yi zaton an rage shi. Ka ma yi sa'a ɗakinka ba sha biyu sha biyu ba ne irin na gidajen haya, domin a can tsawo da faɗi amo ɗaya suke kumburawa, rurin ya haɗu wuri guda.

Saboda haka kujerar ce farkon abin da za ka taɓa. Janye ta daga bango ko da taku biyu ne, amma kada ta kai tsakiyar falon. Mutane sun fi ƙin jin wannan shawarar, ita ce kuma ta fi aiki.

Sifikun kuma ka jera su a gaban bango mai ƙafa 12, suna kallon tsawon ɗakin. Kowace ta bar bangon gefe da kamar santimita 60 zuwa 70, kuma tazarar ta zama ɗaya hagu da dama, in ba haka ba murya za ta karkata gefe guda. Nisansu da bangon da ke bayansu shi ne mai ɗan wuyar sha'ani. Sautin da ya je bango ya dawo, a wani amon ƙari yake yi, a wani kuma kashe na gaba yake yi. Idan fuskar sifika tana mita ɗaya daga bango, amon da ake kashewa yana faɗawa wajen Hz 86, inda dukan ganga yake da nauyi, sai ka ji kiɗan ya zama holoƙo. Wani injiniya Ba'amurke, Roy Allison, ya auna irin wannan tasirin na bango tun a 1974. A ƙaramin falo irin naka na fi samun dacewa idan fuskar sifikar tana tsakanin santimita 50 da 60 daga bango, ramin iskan baya kuma yana da sararin aƙalla tafin hannu. Fara daga nan, ka riƙa matsawa kaɗan kaɗan da waƙa ɗaya wadda ka sani sosai. Ka tabbata nisan baya da nisan gefe ba su zo daidai da juna ba.

Tazarar da ke tsakanin sifikun biyu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kanka. Ka ɗan karkato su su kalli kafaɗunka. Idan abin ya zauna, za ka ji muryar tana fitowa daga tsakiya, inda babu sifika ko ɗaya. Ƙaramin bakin nan na sama mai fitar da siririn sauti ya kasance daidai kunnenka idan kana zaune. Masu rataye sifika can kusa da silin, ko masu cusa ta cikin kabad ɗin talabijin tsakanin kwanuka da furanni, su suke jawo wa kansu dusashewar murya, katakon kabad ɗin ma yana ta karkarwa yana ƙara nasa.

Tayil da bangon siminti kusan ba sa shan sauti. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar falon, idan ka ji wata ƙara tana bin bayan tafin, to akwai aiki. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifikun. Sannan ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango sifika a cikin madubin, nan ne sauti yake bugawa ya iso kunnenka, nan za ka sa labule mai nauyi ko kantar littattafai. Amma ka sani labule da kafet murya suke gyarawa, ba sa taɓa bes. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kuwa ɓata fenti ne kawai.

Na san uwargida ba lallai ta yarda sifiku su fito fili ba, ga yara suna guje-guje. Abin da nake ba mutane shawara shi ne, idan ka samu wurin da ya dace, ka manna ɗan salatif a kan tayil ka yi alama. Lokacin saurare ka jawo su, ka gama ka mayar.

Ka kuma duba wayoyin baya, ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka biyun, domin idan ɗaya ta juye murya ba za ta taɓa tsayawa a tsakiya ba. Idan ka yi duk wannan bes ɗin bai daina yawa ba, naɗe safa ko soso ka toshe ramin iskan, ka saurara, sannan ka rage maɓallin bes na amfilifayar kaɗan. Idan ka gwada, ka faɗa mana nisan da ka tsaya a kai da kuma tsayin silin ɗin, don shi ma yana da nasa amon.