Cunkoson Kasuwar Dole: amsa ga mai tambaya

Malam, ka tambaya yadda za a sama wa masu tafiya a ƙasa hanya a kewayen Kasuwar Dole ta birnin Zinder ba tare da an karya 'yan kasuwa ba. Ni a ganina, korar masu tebur daga bakin titi ba magani ba ne. Mai kayan miya da mai goro suna zama ne inda ƙafa ke bi. In ka kai su bayan gari, ka raba su da abincinsu, kuma za su dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne manyan motoci da amalanke da ke sauke kaya tsakar rana, musamman ranar Alhamis da mutanen ƙauye ke shigowa. A sa musu lokaci, daga asuba zuwa hantsi, bayan nan su bar wurin. 'Yan kabu-kabu da adaidaita kuma a ware musu tasha a gefe, kada su tsaya a bakin ƙofa. Sannan a ja layi a ƙasa, kowane tebur ya tsaya bayansa, ta yadda tsohuwa mai ɗauke da kaya ko yaro ɗan makaranta zai wuce ba ya hawa kwalta.

Ayyukan Zinder Sabuwa, shirin gyaran birnin na 2018, sun kawo tituna, amma inuwa fa? A Afrilu zafi kan haura digiri 40. A dasa dogonyaro, a yashe magudanan ruwa kafin damina.

Kuma ma'aikatar magajin gari ta zauna da shugabannin 'yan kasuwa tukuna, domin su ne za su tsare wannan layin kullum.