Tambayi Likita: Saƙon Tes da Sababbin Sojoji

Likita, ni sabon soja ne, daga Zariya aka turo ni barikin Ikeja. Ana yawan turo min tes kan kwaroron roba da gwajin ƙanjamau. Wai yana da wani amfani kuwa?

Yana da shi, ƙanena, amma na tuni ne. A Kenya, binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna masu shan maganin ƙanjamau da ake yi wa tes duk mako sun fi riƙe maganinsu. Sai dai tuna wa mutum shan magani daban, tanƙwara sha'awarsa daban. A ganina, lokacin shigowar saƙon ne ke ba shi ƙarfi. Wanda ya shigo ranar da albashi ya faɗo, kana shirin leƙa kasuwar Mami ta bariki da yamma, ya fi dogon jawabi bayan fareti, kowa na gyangyaɗi. Ga shi a wayarka yake, ba idon kowa balle kunya. Kame kai shi ne kan gaba. Wanda ya kasa, kada ya haɗa wa kansa da cuta.

Roba ta fashe min jiya da dare, kuma ban san lafiyar yarinyar ba. Yaya zan yi?

Tashi yanzu ka je asibitin bariki ko na gwamnati, ka ce PEP kake so, wato maganin da ake sha don hana kamuwa da ƙanjamau bayan irin wannan haɗari. Dole a fara shi cikin awa 72, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kwana 28 ake sha ba fashi. Za a gwada ka yau, a sake bayan wata 3, don gwajin yau ba zai nuna abin da ya shiga jiya ba. Kada ka tsaya wanke-wanke ko haɗiyar kafso na kemis, ba sa hana komai.

Likita, a Ojo muke. Na ga irin wannan saƙo a wayar maigidana, hankalina ya tashi.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Irin wannan tes a dunƙule ake tura shi ga lambobi da yawa, ba shaidar laifi ba ne. In zuciyarki ta ƙi natsuwa, ki lallaɓa shi ku je gwaji tare. Ɗan jini ne daga yatsa, kuma a ranar za ku ji sakamako.