Amsa ga mai tambaya kan daren tunawa da Little Walter

Ɗan'uwa wallahi da na karanta tambayarka sai da raina ya sosu. Ka ce kun shirya daren tunawa da Little Walter, shahararren mai busa harmonika na kiɗan blues a Chicago, ka busa Juke, sanannen kiɗan nan nasa, aka sa bidiyon wasu suka ce ka ci mutuncin mamaci, kana tambaya ko ka goge ka haƙura da irin wannan taron. Kar ka goge komai.

Ni ma an yi min, a wani ɗan kulob nan Chicago, cikin Fabrairu aka yi saboda watan da ya rasu ke nan a 1968. Wani dattijo ne ya shirya, shi ma mai busa ne kuma ya iya, wannan ba zan hana shi ba. Na ɗauko ƙaramar amfilifayata (na'urar ƙara sauti) cikin wannan sanyin har hannuna ya ƙage, ina isa ya ce wai ba wuri a kan dandamali, in yi amfani da makirfon waƙa. Haba jama'a, kowa a nan ya san sautin Walter daga ina yake fitowa, ka haɗa harmonika da ƙaramin makirfo ka rufe da tafin hannu kam, amfilifaya ta yi wannan gurnanin. Shi dattijon ya hau da tasa amfilifayar, ni aka bar ni da sauti siriri kamar kukan sauro. Bai tsaya nan ba, mun yi da shi a ki na E za a yi (ki shi ne matakin sautin da ake ɗora kiɗa a kai), ina riƙe da harmonikar A da ake busa E da ita, ya juya ya raɗa wa mai gita wani abu, suka tashi a G. Ina tsaye ina laluben aljihu ina neman ta C da ta dace da G, mutane na kallo, mai ganga yana ta tafiya abinsa. Da na sauko ya karɓi makirfo yana dariya ya ce a yi wa yaro tafi ya yi ƙoƙari. Yaro fa, ina da furfura a gemu. Har yau in na gan shi gaisuwa ce kawai, Allah ya isa ban ce ba amma ban manta ba.

To masu cewa ba ka busa yadda yake a faifai ba, ka tambaye su wane ɗaukan faifai suke nufi, don akwai wani ɗaukan Juke da aka fitar daga baya, daga wannan zaman ɗauka na 1952 da aka yi na faifan, kuma ba iri ɗaya Walter ya busa ba. Shi kansa bai haddace kansa ba. Kuma su tuna wa ke bayansa ranar, manyan makaɗan blues Muddy Waters da Jimmy Rogers ne a gita, kai wa ka samu? Daga baya ma Fred Below ne ke masa ganga, rabin daɗin daga can yake zuwa. Don haka in za ku sake, ka matsa a yi gwaji da mai ganga ko sau ɗaya, a rubuta ki na kowace waƙa a takarda kowa ya riƙe, ka zo da harmonikunka duka a jaka kusa da ƙafarka.

Abin da ke ba ni haushi, Walter ɗin nan yana da shekara 37 ya mutu, kabarinsa a Evergreen Park kusa da Chicago ya yi shekara sama da 20 ko alama babu sai 1991 aka sa dutse, sai 2008 aka shigar da shi Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama fitattun makaɗa. Masu kishin nasa na intanet ko tikitin taronku ba su saya ba.

Amma fa in gaya maka gaskiya, in mutum ɗaya cikinsu ya ce kana gudu ka bar ganga a baya, wannan ka saurare shi, yawancinmu ciwon ke nan in tsoro ya kama mu. Turo min bidiyon ta inbos in ji, ka faɗa min kuma wane makirfo ka riƙe.