Kansar furostet da allurar wata uku: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, an ce kansar furostet ta kai wa mahaifinmu ƙashi, an ɗora shi kan allura duk wata uku. Zai warke?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya. Furostet wani ɗan ƙullutu ne a jikin namiji, ƙarƙashin mafitsara. Allurar ba ta kawar da cutar, kwantar da ita take yi, sau da yawa har tsawon shekaru. Ku riƙe ranar allura da gwajin PSA, wato gwajin jini da ke nuna yadda cutar ke tafiya, kada a tsallake.

Tambaya: Zafi na taso min, zufa ta jiƙa rigata ko cikin sanyi.

Amsa: Aikin allurar ne. Sa kaya marasa nauyi, ka rage yaji, ka faɗa wa likitanka idan ya hana ka barci.

Tambaya: Tun da na fara allurar ba na iya kusantar iyalina. PSA ya sauka, sai na daina, na koma maganin maza. Wasu sun ce ma basir ne.

Amsa: Malam, wannan ce ta fi damuna. Abincin wannan kansa shi ne sinadarin mazakuta, testostiron, wanda maraina ke samar da mafi yawansa. Tun 1941 likita Charles Huggins ya nuna cewa idan aka yanke shi, cutar na lafawa. Abin da alluran nan, irin su goserelin da leuprolide, ke yi ke nan. Shi ya sa sha'awa ke raguwa, kuma na san wannan ba ƙaramin abu ba ne ga magidanci. Amma saukar PSA alama ce ta magani na aiki. Idan ka daina, sai sinadarin ya dawo, cutar ta farka.

Su kuwa masu lasifika a tasha, haba! Garin da aka ƙulla a leda, babu suna babu awo, wa ya san abin da ke ciki? Idan akwai testostiron, kai da kanka kake ciyar da cutar. Kuma basir ba ya cin ƙashi.

Ka koma asibiti makon nan, ka tafi da uwargida a yi mata bayani. Idan tsada ce, faɗa: akwai tiyatar cire maraina, sau ɗaya ake yi. Hutun allura ma likita ne ke tsarawa.

Idan ka ji ciwon baya mai tsanani, ƙafafu sun yi nauyi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, a kai ka asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.