Tambayoyinku: Haska allon shago da sola cikin dare

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan satin saƙonnin da suka shigo kusan duk kan abu ɗaya ne, wato fitilar sola da ake sa wa allon shago ko na makaranta dan a gan shi da daddare, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na rage tsawon wasu, kar masu su su ga kamar an yi musu rowa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da kemis a bakin titi, na sayi fitilar sola an rubuta wat 200 a jikin kwalin, na kafa ta a saman sainbod ɗina. Da magariba haskenta kamar me, amma kafin ƙarfe goma ta dushe, sha ɗaya kuma ta mutu murus. Mai shagon yace wai rana ce ba ta isarta. Rana a Gusau fa! Ya zan yi? Daga mai kemis, Gusau.

Amsa: Yallaɓai ai kai ma ka ba kanka amsa, in rana ba ta isa a Gusau ba to a ina za ta isa. Matsalar tana cikin kwalin nan ne, wannan wat 200 ɗin da ka gani rubutu ne kawai na jan mai saye, kuma abu ne da za ka iya ganewa da kanka ba sai ka kira injiniya ba. Ɗauko tef ka auna fanel ɗin, wato farantin da ke karɓar hasken rana. Fanel mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya, mai kyau ma kenan, abin da yake bayarwa a tsakar rana bai wuce wajen wat 200 ba. Irin fitilun nan kuwa yawanci fanel ɗinsu bai wuce santimita 30 da 35 ba, wato wajen wat 20 in an yi sa'a. A yankinmu rana mai ƙarfi da ake lissafi da ita awa 5 ce zuwa 6 a yini, in ka cire abin da ke salwanta a zafi da ƙura da caji, abin da zai shiga batir bai fi wat 60 zuwa 70 na awa ɗaya ba. To fitilar da da gaske take cin wat 200 ai minti ashirin za ta yi ta shanye wannan. Tunda taka tana kaiwa ƙarfe goma, ka san ko kusa da 200 ba ta kai ba, tana farawa da ƙarfi ne sannan tana rage kanta a hankali har batirin ya ƙare.

Kuma gaskiyar magana allo ba ya buƙatar wat 200, ba filin ƙwallo za ka haska ba. Allo mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1, ƙwan LED biyu masu wat 5 kowanne na gaske sun ishe shi a titin da ba shi da haske sosai, dan LED mai kyau yana ba da lumen 100 ko fiye a kowane wat, lumen shi ne ma'aunin haske. Lissafin da nake so kowa ya iya shi ne wannan: ƙarfin ƙwai sau awannin da kake so ya yi. Wat 10 daga magariba zuwa sha biyun dare, awa 6 kenan, ya zama 60. Wannan 60 ɗin ita ce abincin fitilarka na kowane dare, kuma daga ita ake sayen komai. Fanel ka sayi mai wat 30, ya fi abin da lissafi ya nuna, saboda hazon hunturu da hadarin Agusta. Batir kuma ka yi masa lissafin dare biyu dan ranar da aka wuni ana ruwa, wato 120. In na litiyom ne mai 12V 12Ah (V ƙarfin wutar, Ah yawan wutar da batir ke ajiyewa) ya wadatar, in kuwa na dalma ne irin mai nauyin nan to sai 20Ah, saboda shi ba a son a sha fiye da rabinsa, in kana ƙarar da shi kullum ba zai ga shekara ba. In kemis ɗinka na kwana ne har asuba sai ka ninka komai sau biyu.

Ni shawarata ka haɗa naka daban daban, fanel da batir da ƙaramar kwantirola mai taima (na'urar da ke kula da cajin batir da lokacin kunna fitila) da ƙwayaye masu 12V, duk ana samunsu a wajen masu kayan wuta, a Kano ma Sabon Gari cike take da su. Ya fi tsada a ranar farko, amma duk abin da ya lalace shi kaɗai za ka canja. Kar a manta da fiyus kusa da batir, kuma waya ta zama mai kauri kuma gajera, dan a 12V siririyar waya mai tsawo cinye wutar take a hanya. In dole sai ta kwali za ka saya, kar ka kalli wat ɗin, ka tambayi Ah ɗin batirin da girman fanel, mai shagon da ya kasa gaya maka ka ƙara gaba.

Tambaya: Ni tela ce, ina da shagon ɗinki. Fitilata sabuwa ce fil amma wani dare ta kama wani dare ta ƙi, wani lokacin kuma ta yi ta kamawa tana ɗaukewa kamar mai aljanu, ko kuma sai mutum ya zo wucewa take haske. An cuce ni ne? Daga 'yar'uwarku a Zariya.

Amsa: Hajiya kwantar da hankalinki, da alama lafiyarta ƙalau. Yawancin fitilun nan ba su da wani ido na daban da ke gane dare ya yi, fanel ɗin ne idon, da zarar ya daina samun haske sai fitilar ta ɗauka dare ne ta kunna kanta. To in akwai fitilar titi ko ƙwan maƙwabcinki da ke dukan fanel ɗin, ranar da aka kawo NEPA sai ta ɗauka gari bai yi duhu ba ta ƙi kamawa, ranar da aka ɗauke kuma ta kama, ki lura ki gani ko ba haka abin yake tafiya ba. Kamawa da ɗaukewar nan kuma sau da yawa haskenta ne da kanta yake dawowa daga farin allo ya faɗa kan fanel, ta kashe, duhu ya yi, ta sake kunnawa, haka za ta kwana. Gwajin mai sauƙi ne, da rana ki rufe fanel ɗin da kwali ruf, in ta kama ta tsaya to babu abin da ya same ta, wurin zama kawai za a canja wa fanel ya koma saman rufi inda ba ƙwan da ke ganinsa.

Batun sai an wuce take haske kuwa, an bar ta ne a tsarin sensar motsi, wannan na tsakar gida ne da bakin ƙofa dan ɓarayi, bai dace da allo ba sam, tunda wanda kike so ya ga allon yana can tsallaken titi a cikin Keke Napep. Duba rimot ɗin, akwai maɓallan da aka rubuta 3H, 5H ko 8H, ki danna wanda ya yi daidai da lokacin tashinki.

Tambaya: Ina da wajen gashi da abinci a hanyar Kano zuwa Kaduna. Na sa fitila a ƙasan allo tana kallon sama, direbobi na cewa tana kashe musu ido kuma rubutun ma ba ya karantuwa, ga ƙwari sun addabe ni. Daga mai tukuba.

Amsa: Ɗan'uwa direbobin nan sun fi ka gaskiya, kuma a babbar hanya irin wannan ba abin wasa ba ne ka dalle wa mai tirela ido. Cire ta daga ƙasa ka mayar sama. Ka sa mai walda ya yi maka hannu na ƙarfe da zai fito gaba daga saman allon kamar rabin mita, fitilar ta rataya a bakinsa tana kallon ƙasa tana karkata zuwa fuskar allon, yadda mai tahowa zai ga rubutu amma ba zai ga ƙwan ba. In ka manna ta jikin allo layin sama kawai za ta ƙone da haske ƙasa ya zauna a duhu, kuma lambar wayarka galibi a ƙasan take. Ƙananan fitilu biyu ko uku a jere sun fi babba guda ɗaya a tsakiya nesa ba kusa ba. Ta ƙasa kuma ban da kashe ido, gilashinta tire ne na tara ƙura da ruwan sama da bawon gyaɗa.

Rashin karantuwar rubutu wani lokacin ba laifin fitila ba ne. Bana ɗin fileks mai sheƙi in haske ya dake ta kai tsaye walƙiya take, sai ka ga fari fat a inda sunan shago yake. In za ka sake bugawa ka ce a yi maka marar sheƙi, harafi manya, kala mai duhu a kan fari ko fari a kan mai duhu, kuma dan Allah a rage hotunan kaji da lemo da aka cika allon da su, mai gudu a mota daƙiƙa biyu ko uku gare shi ya karanta. Ja a kan shuɗi da rana ma da ƙyar, balle da dare.

Ƙwari kuma farin hasken nan mai shuɗi shuɗi, wanda ake rubuta wa 6500K, shi ya fi jan su. Nemi mai ruwan ɗorawa, 3000K ko 2700K, ba zai kore su duka ba amma za ka ga bambanci, musamman farkon damina lokacin shinge, kuma nama ma ya fi kyan gani a ƙarƙashinsa. Sannan allon ya ɗan yi nesa da tukuba, ƙwarin su taru can, hayaƙi da maiƙo kuma kar su rufe maka fanel.

Tambaya: Ina yini Malam. Wane gefe ake fuskantar da fanel? Nawa a kwance yake a kan rufin kwano, batirin ma yana nan kusa da shi, wata 8 kenan ya fara rauni. Kuma an sace na maƙwabcina. Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Lafiya lau Alhaji, a gaida mutanen Katsinan Maraɗi. Mu da muke arewacin layin da ya raba duniya biyu, kudu ake fuskantar da fanel, a ɗaga bayansa kaɗan kamar digiri 10 zuwa 15. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan ɗan koma ta arewa da mu da tsakar rana, shi ya sa ba a miƙar da shi sosai kamar yadda ake gani a hotunan Turai, amma kuma ba a kwantar da shi shimfiɗe, dan ƙura za ta zauna kuma ruwan sama ba zai wanke ta ba. Ka duba inuwa a watan Disamba, lokacin rana ta fi yin ƙasa ta kudu, bene ko bishiyar darbejiya da ba ta dame ka da bazara ba sai ta rufe ka, kuma inuwar da ta taɓa kusurwa ɗaya kawai tana iya zubar da wutar fanel ɗin sosai. Da hunturu a goge shi ko sau biyu a sati, da sassafe kafin ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, kar a kankare shi a bushe yashi ya kakkarce gilashin.

Batirinka kuwa kwanon ne ya dafa shi. Batirin dalma a zafin digiri 25 aka auna rayuwarsa, duk ƙarin digiri 10 kusan rabin kwanansa yake tafiya, to ka ƙiyasta saman kwano a Afrilu da inuwa ma ta haura 40. Sauko da shi cikin shago wuri mai iska, waya kawai ta hau sama, fanel ɗin ma a bar tazara tsakaninsa da kwano iska ta ratsa. Wannan ma maganin rabin satar ne tunda batir ɓarawo ya fi so. Fanel kuma a yi masa firam na ƙarfe a walde kan notocin. Fitilar da za ta zauna a waje ka duba an rubuta IP65, lamba 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 5 kuma tana jure feshin ruwa, duk da haka ka bi inda waya ta shiga da silikon dan nan ruwa ke fara bi.

Tambaya: Allon islamiyyarmu ne a bakin layi, sai mun nemi izini kafin mu sa masa fitila? Daga wani malami a Abuja.

Amsa: Allah gafarta Malam, ita fitilar ba ita ce abin dubawa ba, allon ne. Tsarin mulkin 1999 ya sa kula da tallan waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi, wasu wuraren kuma akwai hukuma ta musamman, kamar LASAA a Legas da DOAS a nan Abuja wajenku. In allon a jikin katangarku yake abin da sauƙi, in kuwa kun kafa ƙarfe a gefen titi to ku leƙa ofishinsu da girman allon da hotonsa kafin ku kashe kuɗin fanel, dan ranar da masu cire alluna suka fito har da fanel da batir suke lodawa a mota.