Tirela mai caji: baturi ne matsalar, ko wutar da za a zuba masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne, ina lodi daga Legas zuwa Kano. Yaron motata ya nuna mini bidiyo a wayarsa, wai a Turai akwai tirelolin da ba sa shan gas, caji ake yi musu. Ni wayata ma ba ta kai la'asar da caji. Ta yaya baturi zai ja tan 40? Ko haɗin kwamfuta ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ba haɗi ba ne, motocin suna kan titi. Akwai eActros 600 ta kamfanin Mercedes-Benz, wadda take cin kusan kilomita 500 da cikakken lodi kafin ta nemi caji. Baturinta yana ɗaukar wuta kimanin kilowat-awa 600. Na wayarka, idan mai 5000mAh ne, bai kai wat-awa 20 ba. Ka ga sai an tara wayoyi sama da 30,000 kafin su kamo ta. Nauyin baturin kaɗai ya haura tan 4, shi ya sa masu kaya suke ɗan ja da baya.

Amma ni a ganina baturi ba shi ne babban ciwon kai ba. Inda gizo yake saƙa shi ne bayan soket. A dokar Tarayyar Turai, direba yana hutun minti 45 bayan tuƙin awa 4 da rabi, kuma a wannan ɗan hutun ake so motar ta sha wutar da za ta kai ta zango na gaba. Hakan yana bukatar caja mai ƙarfin kusan megawat 1. Tireloli 20 su tsaya lokaci guda, megawat 20 ke nan, wutar gari guda a fili ɗaya. Ka tuna duk Najeriya yawanci tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ake rabawa.

To a nan jami'o'i suke shigowa. Masu bincike suna ɗaukar bayanan GPS na manyan motoci, su ga inda direbobi suke yada zango da ƙarfe nawa, su ɗora a kan taswirar layukan wuta a kwamfuta, su gano taransifomar da za ta fara ƙonewa tun kafin a kafa turke ko ɗaya.

Wasu kuma sun ce a bar ɗora wa mota ƙaton baturi, a shimfiɗa waya (ta wuta nake nufi, ba ta kira ba) a saman titi kamar na jirgin ƙasa mai lantarki. Wani ƙarfe a kan motar yana miƙewa ya taɓa wayar, idan direba zai wuce wata motar sai ƙarfen ya sauka, ƙaramin baturi ko inji ya karɓa. Suwidin ta gwada a 2016 kusa da garin Gävle. Jamus ta bi a 2019 a babban titin A5 kusa da Frankfurt, Jami'ar Fasaha ta Darmstadt tana bibiyar sakamakon. A Ingila, Farfesa David Cebon na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsa sun fitar da rahoto a 2020 suna goyon bayan wannan hanya. Gwajin A5 ya ƙare a ƙarshen 2024, kamfanonin motoci kuma sun fi karkata ga caja. A Sin kuwa akwai tirelolin da sauya musu baturin ake yi ɗungurungum cikin 'yan mintuna.

Legas zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, Alhaji, caji biyu aƙalla a hanya. Kada ka yi saurin sallamar mai sayar maka da gas.

TAMBAYA: Malam, gaskiya ne caja mai sauri tana kashe baturin waya?

AMSA: Zafi ne yake cin baturi, saurin kuma yana kawo zafi. Tirelar can ruwa ne yake zagaya baturinta yana sanyaya shi, wayarki ba ta da wannan gata. Ki cire mata riga idan tana caji, kada ki tura ta ƙarƙashin filo, ki kuma daina kallon bidiyo tana jone.