Churchill mai damin ƙirare ko Sherman mai sarƙa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na fara wasan yaƙi na kan tebur da ƙananan tankoki, ina so in haɗa motocin injiniyoyin sojan Birtaniya irin na saukar Normandi ta Faransa a 1944, amma kuɗin guda ɗaya gare ni. Churchill AVRE zan saya ko Sherman Crab, kuma wane girma?

Amsa: Ɗan uwa maganar girman nan ba ni za ka tambaya ba, abokan wasanka za ka tambaya. In wasan Bolt Action suke yi to awonsu 1/56 ne, wato kashi ɗaya cikin 56 na tsawon tankar gaske, in wasan Flames of War ne 1/100. Churchill ta gaske ta haura mita 7, kenan a 1/56 za ta kai santimita 13, a 1/100 kuwa 7 da ɗoriya. Kar kyan hoton kwalin 1/35 ya ruɗe ka, waccan ta ajiya ce a kanta, in ka ɗora ta a tebur sai ta zama giwa cikin awaki.

Su biyun dai ƴan gida ɗaya ne, runduna ta 79 ta Manjo Janar Percy Hobart, amma ni Churchill zan ce ka fara da ita. Crab babban aikinta ɗaya, tana juya sarƙoƙi a gaba suna dukan ƙasa nakiya na fashewa, kuma wallahi sarƙoƙin nan a ƙaramin samfur akwai ban haushi, yau ka manna gobe wajen wasa hannun wani ya taɓa su karye. AVRE kuwa gangar jiki ɗaya ce kaya iri-iri, ga gajeriyar bindigar Petard mai jefa bam na kilo 18 don rusa kankare, ga gada, ga damin ƙirare da take jefawa a rami ta bi ta kai. Kwalin Churchill na roba na Warlord Games yana zuwa da Petard ɗin a ciki, damin kuma kar ka kashe masa ko sisi, tsinken tsintsiya ya isa, yanka su tsawo ɗaya ka ɗaure da siririyar waya wuri uku, kaurin damin kamar santimita 3 da rabi a 1/56. Kar ka manne shi, sa ɗan maganaɗisu, don in an jefa shi a rami cikin wasa ka iya ɗagawa.

Tambaya: Na sayi katafila mai sulke ta rezin, gam ya ƙi kama ta, jabu aka sayar min?

Amsa: Ba jabu ba ce hajiya, gam ɗin ne ba nata ba. Gam ɗin roba narka robar yake ya haɗe ta, rezin kuma ba ya narkewa da shi, sufa gulu za ki sa. Ki fara wanke gutsattsarin da sabulu da ruwa mai ɗumi saboda maiƙon da ke jikinsu yana hana gam da fenti zama, in za ki goge da sanfefa kuma ki jiƙa ta tukun ki sa takunkumi, ƙurar ba ta shaƙa ba ce.